Ƙugiya a ƙasa ko a sama? Laccar da aka yi wa samarin Nima kan fita su a teku

Wani dattijonmu da ya daɗe yana harka da masunta a Tema ne ya yi wannan lacca a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, bayan sallar isha'i. Daga rikodin ɗin waya na kwafo, inda hayaniya ta yi yawa na tsallake.

Assalamu alaikum. Iyayena da ke gaba, malamai, ƙannena da 'ya'yana, barkanku da dare. An ce mini kun haɗa kuɗi za ku ɗau hayar kwale-kwale ku shiga teku, kuma gardama ta tashi, wasu na cewa a je a jawo tuna, wasu na cewa a'a a tsaya wuri ɗaya a saki ƙugiya ƙasa. Toh wannan gardama a tudu ake gama ta tun kafin a sayi mai, domin kayan aikin daban, wurin zuwa daban, kuɗin ma daban, kuma bosun ɗin, wato shugaban kwale-kwalen da zai tuƙa ku, yana so ya ji magana ɗaya tun daren jiya.

Mu 'yan Zango kifin da muka sani na ruwan daɗi ne, tarwaɗa da karfasa da ake kawowa daga Yeji. Teku wani abu ne daban. Kifinta gida biyu ne. Akwai masu zaman ƙasa wajen duwatsu da laka, su ne jan kifin nan da kuke saye da tsada, da gurufa, da kasaba fish. Akwai kuma masu yawo a sama suna bin ƙananan kifi, tuna da mutanen nan ke kira opoku, da barakuda, da wahu, da dorado, har malin mai dogon baki wanda Turawa ke zuwa Ada Foah musamman dominsa.

Mu fara da ƙasa, don shi nake so ku zaɓa, ba zan ɓoye muku ba. Bosun ya kai ku kan dutsen da ya sani, a jefa anga ko a bar ruwa ya riƙa jan ku a hankali, kowa ya riƙe zarensa a hannu da darma a ƙarshe da ƙugiya biyu ko uku a samanta, koto kuwa yankakken amane ne, ƙaramin kifin nan irin sardin, ko jatan lande. Ka saki har ka ji darma ta taɓa ƙasa, ka ɗaga kaɗan don kar ta maƙale, ka jira. Mita 30 ne, 50 ne, wani wurin ya fi. Abin da ya sa nake son shi ga sabon shiga, kowa yana aiki, mutum takwas zare takwas, yaron da bai taɓa ganin teku ba ma zai ji kifi na taɓa masa koto a yatsa, kuma inji a kashe yake, firimis ɗinku, wato man inji, na hutawa. Masuntan lagas da ke ɗaukar ƙanƙara su kwana a teku, wannan aikin suke ci da shi shekara da shekaru.

Amma fa yana da wahalarsa. Kwale-kwalen da ya tsaya shi igiyar ruwa ta fi jijjigawa, ga warin koto ga rana, nan ne amai ke kama mutane, wanda ya shigo da ƙarfinsa sai ka gan shi kwance. Sannan ruwan gaɓarmu yawanci gabas yake ja, wajen Togo, in ya yi ƙarfi darma ƙarama ba ta kai ƙasa, sai zarenka ya kwanta ya harɗe da na ɗan'uwanka. Ku ɗau darma mai nauyi da yawa, dutse zai cinye wasu, dole ne.

Akwai abin da nake roƙonku da shi a nan, ku saurara da kyau. Kifin ƙasa yana da jakar iska a ciki. Kowane mita 10 na zurfi, nauyin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu yanzu, saboda haka wanda ka jawo daga mita 30 iskar cikinsa na iya kumbura har ninki huɗu, shi ya sa za ku ga ido ya fito, tumbi ya leƙo ta baki. Irin wannan ko ka mayar da shi ruwa da wuya ya iya nutsewa, yawo zai yi a sama ya mutu. Kuma gurufa ba ya girma da wuri, babba guda ya yi shekaru a kan dutsen nan. Don haka in kuka ga ƙanana ne ke ta hawa, ku ce wa bosun a canza wuri, in kuma kula ta cika ku naɗe zare. Wallahi tsofaffin masuntan Chorkor da Teshie in suna ba ka labarin girman kifin da suke kamawa da, ka dubi na yau, sai jikinka ya yi sanyi.

Toh sama kuma. Nan inji ba ya mutuwa. Ana tafiya ne ana jan koton roba a baya, gudun wajen kilomita 11 zuwa 15 a awa, ido na kan tsuntsaye, inda suke faɗawa ruwa akwai ƙananan kifi, ƙarƙashinsu kuma manya. Icen da ke yawo a ruwa ma kar a wuce shi, dorado na son inuwarsa. Zare biyu ne ko uku ko huɗu kawai za a ja, in sun fi haka sai su sarƙe, sauran mutane 'yan kallo ne. Kuna iya yini ba ku ji ko taɓi ba, inji mai doki 40 na ta shan mai. Amma ranar da tuna ya ɗauka, toh, ba zan rage masa daraja ba, zare na kuka, hannu na zafi, kowa a tsaye, kifi ɗaya ya ciyar da gida uku. Kamar mai kiwon rago ne da mai kiwon kaji, ɗaya jira yake ya samu gaba ɗaya, ɗaya kullum da ɗan abin da zai ɗauka. Wanda zai yi wannan ya sa safar hannu, zaren roba na yanka har ƙashi, ya kuma ɗaura waya kafin ƙugiya saboda haƙorin barakuda. Tuna in ya hau a zubar masa da jini nan take a binne shi cikin ƙanƙara, in ya sha rana namansa na sa ƙaiƙayi da ciwon kai, kuma dafuwa ba ta kashe wannan dafin.

Lokaci ma na da bakin magana. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na tasowa daga ƙasa, saman teku ya sauka ƙasa da digiri 25, abinci ya yawaita, amane ya cika kasuwa daidai lokacin Homowo, bikin mutanen Ga. Kifi na nan amma teku na da fushi, ban so sabon shiga ya fara da watannin nan. Ƙarshen shekara zuwa Maris ta fi kwanciya, sai dai hazon hunturu na ɓoye gaɓa. Ranar Talata kuwa masuntan Ga da Fanti ba sa fita, al'adarsu ce, ku girmama. Kuma a 2019 gwamnati ta fara rufe wa masu kwale-kwale teku na wani lokaci don kifi ya hayayyafa, ku tambayi shugaban masunta na bakin ruwan ko an rufe kafin ku ba kowa kuɗi.

(Wani daga baya ya tambaya ko ba za a haɗa biyun ba.)

Yauwa ɗana, ana haɗawa, amma a san wanne ne uwa. Ku ce wa bosun ƙasa muka zo yi. A hanyar zuwa dutsen da asuba a saki zare biyu a baya tunda dama inji na tafiya, barakuda na iya ɗauka, a dawowa ma haka, ba ku ƙara ko lita ɗaya ba. Abin da ba na so shi ne a ga tsuntsaye can nesa a ce a bi su, a bar dutse, mai ya ƙare a tsakiyar ruwa. Ku raba man uku, kashi ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, ɗaya ba mai taɓa shi.

(Wani ya tambayi rigar ruwa mai hana nutsewa, ya ce masunta ai ba sa sawa.)

Su a ruwa aka haife su, kai a Mamobi aka haife ka. Kowa ya sa, wanda ya ƙi ya zauna a tudu, kuma shugabanku ya rubuta sunayen duk waɗanda suka shiga da awar da za ku dawo ya bar wa liman ko mai unguwa. Waya a ɗaure cikin leda, ruwan sha ya fi abinci yawa. Mai jin jiri ya sha maganinsa awa ɗaya kafin a tashi, in amai ya riga ya fara ba ya aiki sosai. Wa ke da wata tambayar?