Faifan Dischord na Farko: Wanne Ya Fi Shiga Kunne?

Habu: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau hirarmu a kan Dischord ce, kamfanin faifai na birnin Washington da Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa a ƙarshen 1980, kuma har yau bai rufe ƙofa ba. Kiɗan da ya yi suna da shi hardcore ne, reshen punk mai gudun tsiya, kafin ka gyara zama waƙa ta ƙare. Malam Garba, daga ina za mu ɗauko?

Malam Garba: Daga lamba ɗaya a jerin faifan kamfanin mana, Minor Disturbance na Teen Idles, ƙungiyar da Ian da Jeff suke ciki. Ƙungiyar ta riga ta watse, amma akwai dala 600 da suka tara daga wasanni. Maimakon su raba, sai suka buga ƙaramin faifan garmaho mai inci 7, waƙoƙi 8, kwafi 1,000. Kuɗin bai kai a yi musu kwali a masana'anta ba. Sai suka samo kwalin wani faifai, suka ɓare gam ɗinsa, suka shimfiɗa shi, suka ga yadda aka yanka. Suka kai zanen wajen mai buga takarda, sauran aikin kuwa almakashi ne da gam, a yanka, a ninke, a manna, ɗaya bayan ɗaya.

Zainabu: Shi ya sa da wuya ka ga kwali biyu na bugun farko sun yi daidai. Gam in ya yi yawa takarda ta jiƙe ta kumbura, wani lokacin ya tsiyaya ciki ya kama rigar faifan. In ya yi kaɗan, bayan shekaru gefen ya buɗe.

Habu: Hannayen nan biyu masu alamar X a bangon fa?

Zainabu: Na Alec ne, ƙanen Ian. A wani gidan rawa na San Francisco, Mabuhay Gardens, 'yan Teen Idles suka ga ana zana wa yaran da shekarunsu ba su kai na shan giya ba X a bayan hannu, a bar su su shiga kallo, mai sayar da giya ya gane su. Suka kawo dabarar Washington. Amma Malam, gaskiya ɗaya ce, wannan faifan tarihinsa ya fi kiɗansa. In don kunne ne, lamba uku zan ɗauka, faifan farko na Minor Threat, ƙungiyar da Ian da Jeff suka koma bayan Teen Idles, 1981.

Malam Garba: To kin tsallake lamba biyu, No Policy na S.O.A., wanda mawaƙinsu Henry Rollins ya biya kuɗin bugawa da albashinsa na shagon askirim.

Zainabu: Na tsallake shi da saninsa, Malam. Muryar Henry a ji ta, amma makaɗan ba su haɗe ba tukuna. A lamba uku kuwa Jeff Nelson yana dukan ganga da gudu ba ya kauce wa ƙa'ida, jitar Lyle Preslar kuma tana tsayawa cak tare da shi a duk inda aka yanke. Waƙar Straight Edge ba ta kai minti ɗaya ba, amma akwai shiga, akwai amshi, akwai fita.

Habu: Ni abin da ke ɗaure mini kai shi ne tsabtar sautin. An ce a ɗakin ƙasa na gidan mutum aka ɗauka.

Malam Garba: Gidan Don Zientara ne a Arlington, jihar Virginia, sitidiyon da ake kira Inner Ear. Da na'ura mai layi huɗu ya fara, wato sauti huɗu kaɗai take iya ɗauka daban-daban a zaren. Ka lissafa, Habu: ganguna kaɗai suna son makirufo da yawa, ga bes, wato jita mai kaurin sauti, ga jita, ga murya, ga amshin jama'a. Dole a haɗe makirufon ganguna tun kafin su shiga zare, a zuba su layi ɗaya ko biyu. In ƙarar farantin ƙarfe na mai ganga ta danne babbar ganga a lokacin, shi ke nan, babu gyara sai a sake kiɗan. In layi ya ƙare kuma, sai a kwashe layi biyu ko uku a juye cikin ɗaya don a sami wuri, kuma kowane juyi yana ƙara shuuu ɗin zare, yana cinye kaifin sauti. Maganin dai ƙungiya ta zo ta riga ta haddace kiɗanta, a ɗauka gaba ɗaya.

Zainabu: Shi faifan ma yana da nasa sharaɗin. Mai inci 7 in yana juyi 45 a minti, gefe ɗaya bai cika wuce minti huɗu da rabi ba. Ka matsa masa fiye da haka, mai yankan tsagi zai ƙuntata tsagin, ƙara ta ragu, bes ya sirance. Waƙar ƙarshe kuma, da yake allura ta kusa tsakiya inda da'irar ta ƙanƙance, ita ce ke fara karcewa a kunne. Waƙoƙi huɗu gajeru a gefe ɗaya sun dace da faifan kamar don shi aka yi su.

Habu: To Malam, kai naka fa?

Malam Garba: Lamba takwas, 1982, faifan da Faith da Void suka raba, kowa gefe guda. Gefen Faith a tsare yake, Alec ke waƙa. Ka juya kuwa sai ka ce rigima ta ɓarke a sitidiyo. 'Yan Void daga Columbia suke a Maryland, kuma mai jitarsu Bubba Dupree yana barin jita ta yi kuwwa da kanta, ya ja waya har ta fita daga saiti, mai ganga na nema ya tsere musu, amma a ƙarshen layi su haɗu. Masu kiɗan metal da yawa sun sha daga wannan gefen.

Zainabu: Mutane kan manta da gefen Faith saboda Void, kuma ba a yi musu adalci ba. Flex Your Head kuwa, lamba bakwai, waƙoƙi 32 na ƙungiyoyi 11, na masu son sanin garin ne, rabinsa ba a komawa kansa.

Habu: Ni Out of Step na Minor Threat nake so, lamba goma, 1983, mai baƙar tunkiyar da Cynthia Connolly ta zana.

Malam Garba: Ka zaɓi mai kyau. A nan Steve Hansgen ya karɓi bes, Brian Baker ya koma jita ta biyu, sautin ya yi kauri. Inci 12 ne amma juyi 45, saboda haka tsagin ya sami fili, ganga na fita da ƙarfinta. Kuma shi ya nuna wa 'yan Dischord matsalar kasuwa. Masana'anta na son kuɗinta a hannu, dillalai kuwa sai bayan watanni suke biya, ga faifai ya ƙare, ga masu nema, babu na sake bugawa. John Loder na Southern Studios a Landan shi ya shigo ya ɗauki nauyin bugawa da rabawa.

Zainabu: Yaya Habu, in za ka saye shi ka lura, an sake haɗa sautinsa bayan bugun farko-farko, don haka iri biyu ne ke yawo a kasuwa.

Habu: Faifan ƙungiyar Rites of Spring na 1985 fa, ba wanda zai ambata?

Zainabu: Wannan hira ce ta daban, don a nan mawaƙinsu Guy Picciotto ya juya ihun ya koma na ciwon zuciya, kuma shi da mai ganga Brendan Canty su ne suka tarar da Ian a ƙungiyar Fugazi daga baya.

Habu: To wanda ke son ya fara saurare, sai ya nemi bugun farko?

Malam Garba: A'a, kada ya zubar da kuɗinsa. Bugun farko tsada gare shi, ga jabu ya cika kasuwa. In ya nace, ya duba rubutun da aka karce a filin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, ya gwada da na kwafin da aka tabbatar, ya kuma duba hoton bango, na jabu yakan dusashe don daga wani kwalin aka kwafo shi. In kiɗan yake so, Complete Discography na Minor Threat ya tattara waƙoƙi 26 wuri guda, kuma kamfanin ya sake buga ƙananan faifansa shida na farko cikin akwati ɗaya mai lamba 200.

Zainabu: Amma Void ba ya cikin akwatin, Malam.

Malam Garba: Ba ya ciki. Wannan sai ya saye shi daban, ya fara da gefe na biyu.