Wa ya taɓa min fensiri?

Kabir: Assalamu alaikum, masu sauraro. Daga Ƙofar Ƙaura muke kamar kullum. Hajara na nan, Nura ma ya iso, a makare.

Nura: Mai Napep ne, Yaya.

Kabir: Kullum mai Napep. To, kun dai ga abin da ya cika guruf tun Juma'a. Mutum ya sabunta manhajar zane, ya buɗe, fensirin da ya saba da shi ya zama wani abu dabam.

Hajara: Ni na tada maganar. Ba zan kama sunan manhajar ba, amma da in na ja layi a hankali sai ya fito fari-fari, kaushin takarda na lekowa ta ciki. Yanzu ko numfashi na yi a kan allon, baƙi ƙirin kamar gawayi.

Kabir: Wanga abu ba sabo ba ne. Ku ɗauki manhajar zane ta Krita. Da aka fito da siga ta 4 a 2018, burusan da take zuwa da su gaba ɗaya aka sauya. Mutane suka yi ta cigiyar tsofaffin, alhali suna nan ciki, kashe su kawai aka yi, sai ka shiga wurin sarrafa kayan aiki ka kunna ƙunshin Krita 3. Ta 5 kuma, ƙarshen 2021, ta shigo da burusan MyPaint. Fensirin kwamfuta abu uku ne: siffar bakinsa, kaushin da ke ƙarƙashi, da yadda yake amsa dannawar hannunka. Ko ɗaya aka taɓa, hannunka zai sani kafin idonka.

Hajara: To nawa wanne aka taɓa, Yaya Kabir?

Kabir: Na ukun. Akwai wani lanƙwasasshen layi a saitin dannawa, ki ja tsakiyarsa ƙasa kaɗan, sai ya zamana sai kin danna sosai kafin ya yi duhu. Kuma tun Photoshop CS6, a 2012, aka kawo bakin fensir mai cinyewa. Kana zane yana dakushewa, har da maɓallin fiƙewa.

Nura: Ikon Allah. Mun gudu daga reza, an biyo mu da ita har cikin kwamfuta.

Hajara: Kai da ke zane da yatsa, mi ya haɗa ka da reza?

Nura: Anti Hajara, ina da alƙalami fa.

Hajara: Wannan mai kan roba da ka saya a Babbar Kasuwa?

Kabir: Shi wannan yatsa ne da ya sa hula. Bai san dannawa ba, bai san karkata ba. Alƙalamin S Pen na Samsung matakin dannawa 4096 yake ji, da yawa daga allunan zane na Wacom da Huion 8192. Kuma kar tsada ta ruɗe ku, Apple Pencil mai USB-C da ya fito a 2023 yana jin karkata amma ba ya jin dannawa. Mai son inuwa irin ta fensirin 6B a manhajar Procreate ya duba wannan kafin ya biya.

Nura: Ni ibisPaint ta ishe ni. In kalli talla ɗaya, a buɗe min burusai duka har awa 18.

Hajara: Faɗa musu lissafin.

Nura: Ai ba abin kunya ba ne. Ƙarfe shida na safe nake kallo, ya kai ni sha biyun dare.

Kabir: In ka makara fa?

Nura: In na kalla ƙarfe takwas, ya kai biyun dare, na yi asarar awa biyu ina barci.

Hajara: Asara! Kamar kuɗinsa ne.

Nura: Datata ce ai.

Kabir: To da azumi ya kake yi?

Nura: Bayan sahur, ƙarfe biyar. Ya ƙare sha ɗaya, daidai an sha shayin bayan asham an watse.

Hajara: Wallahi yaron nan ya fi kiyaye lokacin talla a kan lokacin lakca.

Nura: Lakca ba ta buɗe min burushi.

Kabir: Allah ya sa malamanka na Poli ba sa sauraro. Ina muka tsaya? Yauwa. Abin da nake so a gane, sabuwar siga ba dole ta fi tsohuwa daɗin hannu ba. Ni har gobe zanen farko a SketchBook nake yi, tun da Autodesk suka mai da ita kyauta a 2018. A 2021 ta koma hannun wani kamfani dabam, ta kwamfuta ta koma ta kuɗi. Clip Studio kuma, da suka sanar da tsarin biyan siga ta 2 a 2022, masu zane suka yi musu ca. Saboda haka kafin ka danna sabuntawa, fitar da burusanka ka adana a fulash. Sannan ka yi gwaji ɗaya da ba ya canzawa. Ni Hasumiyar Gobarau nake zanawa, gefen da rana ke duka da gefen inuwa. Ginin ƙasa ne, in fensir ba ya da kaushi sai ta fito sumul, ka rantse da siminti aka shafe ta.

Hajara: Ni ma bari in ce...

Kabir: Kuma girman shafi! Wannan mutane ke mantawa. Burushi ɗaya, shafi mai fikzel 1000 da mai 4000, kaushin ba zai fito iri ɗaya ba. Sai a ɗora wa siga laifi, alhali kai ka canza shafin.

Hajara: Abin da zan faɗa ke nan.

Kabir: To kin ga na hutar da ke.

Nura: Yaya, mun yi alƙawarin jera manhajojin zane daga ta ɗaya zuwa ta biyar fa.

Kabir: Minti nawa ya rage?

Nura: Cajin wayar kashi huɗu, ga shi an fara kiran magariba.

Kabir: To mai iPad ya riƙe Procreate, mai laftof Krita, sauran sai wani mako. Hajara, ki turo hoton saitin naki a guruf mu gani. Sai an jima.