Maƙerin ƙauyen Ingila da aka ji busarsa a hanyar zuwa duniyar wata

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan, yau ina wani ɗan ƙauye da ake kira Pensford a yankin Somaset, kamar mil 7 kudu da Biristol inda nake zaune. Haushi ne ya fito da ni wallahi. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita a wajen aiki, kullum da yamma sai ta ce in sa mata wani kiɗa, busa ce kawai ba waƙa, amma in ka ji sai jikinka ya yi sanyi. Na tambaye ta waye wannan, ta ce Acker Bilk, ɗan nan kusa da mu ne. Na koma na tambayi yaran da muke aiki tare, haifaffun Biristol fa, ba wanda ya taɓa jin sunansa! Ni da na zo daga Katsina ni zan ba ku labarin mutuminku? Shi ne na ce ranar hutuna sai na zo na ga garinsu da idona.

A nan aka haife shi a 1929, asalin sunansa Bernard Stanley Bilk. Abun da yake busawa shi ne kilarinet, wata baƙar sarewa doguwa mai maɓallan azurfa, kusan kamar algaitarmu amma ita muryarta a kwance take ba ta tsaga kunne. To ku ji abun da ya ɗaure min kai. Yana yaro aka fasa masa haƙoran gaba guda biyu a faɗan makaranta, sannan ya rasa rabin yatsa wajen wasan zamiya a kan ƙanƙara. Mai busa fa, wanda baki da yatsu su ne jarinsa! Shi da kansa yana cewa wannan ne ya sa sautinsa ya fita daban, akwai wata rawar murya da hucin numfashi a ciki wanda in ka ji sau ɗaya ba za ka haɗa shi da na kowa ba.

Da ya bar makaranta kamfanin taba ya shiga a Biristol, sai aka ɗauke shi aikin soja na dole aka tura shi Masar, yankin mashigin Suwez, can ya fara koyon busar a 1948. Ya dawo gida ya kama ƙira wajen kawunsa, rana guduma dare busa. A 1954 ya tafi Landan ya yi aiki da ƙungiyar Ken Colyer, wani mai irin kiɗan da ake kira jaz, daga baya ya haɗa tasa, Paramount Jazz Band. Sun je Dusuldof a Jamus suka yi sati 6 suna kiɗa awa 7 kowane dare ba ranar hutu, ni nan in na yi shif na awa 12 sau uku a jere ƙafata har kumbura take, balle mutum yana hura iska daga ƙirjinsa. Kuma yana da shigarsa da kowa ya san shi da ita, baƙar malfa mai zagaye, falmaran mai ratsi-ratsi da ɗan gemu.

Bari in nuna muku gadar can, kun gan ta? Ta jirgin ƙasa ce, baka 16 gare ta, tun ambaliyar 1968 jirgi bai sake bi ta kai ba amma dubi yadda take tsaye. Shayin da na sha yanzu kusan fam 4, ruwan zafi da ganye kawai, ko madarar kirki babu, na tuna mai shayin bakin layinmu har da ƙwai da burodi, kai Allah Ya kai mu gida lafiya.

To kiɗan da tsohuwar take so shi ne Stranger on the Shore, na 1961. Da farko sunan 'yarsa ya sa masa, sai BBC suka ɗauka don wani shirin talbijin aka canza sunan. Ya fi shekara guda yana cikin jerin faya-fayen da aka fi saya a Birtaniya, a 1962 ya zama na ɗaya a Amurka, tun kafin shahararrun mawaƙan Ingilan nan Beatles su taka ƙasar. Kuma a 1969 'yan sama jannatin Apollo 10 suka tafi da shi a kaset har kewayen wata. Shi kam Bilk cewa yake wannan kiɗan ne fanshonsa. Abun da ya fi burge ni, da Beatles suka zo yayin irin jaz ɗin su Bilk ya wuce, bai ajiye sarewar ba, a 1976 ya sake shiga biyar na farko a jerin faya-fayen Birtaniya. Ko da ciwon dajin maƙogwaro ya kama shi wajen 2000 ya warke ya koma dandali, a 2001 aka ba shi lambar girmamawa ta Birtaniya, MBE. Nan ƙauyen ya dawo ya zauna da matarsa, wadda tun firamare suka san juna, har ya rasu a 2014 yana da shekara 85.

Mu dai duk lalacewa ba za ka samu yaro a Katsina ya ce bai san Shata ba, tun 1999 ya rasu amma har gobe yana tashi a motocin haya, wannan kam mun fi su.

In za ku zo, bas mai lamba 376 ce daga Biristol, amma don Allah ku duba lokacin dawowa kafin ku baro gida, musamman Lahadi. Kar ku sa farin takalmi, bakin kogin Chew duk taɓo ne, kuma babban titin da ya ratsa garin manyan motoci ne ke bi, ku riƙe hannun yara da kyau. Ga hadari nan ya haɗo, bari in ruga tasha, sai mun haɗu.