Ƙwallo da Yankan Riɗi: Kakar Wata Ƙaramar Ƙungiya a Gadarif

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Yau a gida zan tsaya, nan Gadarif a gabashin Sudan, kan wata ƙaramar ƙungiya ta unguwar Hausawa da ke buga rukuni na biyu a gasar gari. Da ƙyar da jiɓin goshi ta tsira daga faɗawa rukuni na uku a bana.

Na bi wasanninta tun farkon kaka, kuma wallahi yaran nan sun iya ƙwallo. A dafuri, wato ƙwallon unguwa, suka taso, ba takalmi, a filin ƙura. Aljihu ne ya karya su. Wata Juma'a na tsaya a bakin fili, na ga wanda aka canza ya tuɓe takalminsa ya miƙa wa mai shiga, ya sa da ɗuminsa. Safar hannun mai tsaron gida kuwa da zaren buhu aka ɗinke ta. Kocinsu malamin makaranta ne, shi ke sayen ruwa da ƙanƙara, shi ke biyan kuɗin raksha, keke mai ƙafa uku, da ke kai su fili, daga albashin da ba kullum yake zuwa ba.

Sai Oktoba ta kama, riɗi ya nuna. Kowa a garin nan ya san riɗi ba ya jiran kowa. Ka yi jinkirin yanka, kwanso ya fashe, ƙwaya ta zube. Yara suka kama hanyar gona. Wa zai ga laifinsu? Ƙungiya ba ta iya ba su ko kuɗin sabulu, ga iyaye da ƙanne na jiran abin sawa a baki. Dokar ƙwallo ta ce ba a fara wasa da ƙasa da mutum 7. Rannan ba su cika ba, aka ba abokan karawa maki ba tare da an taɓa ƙwallo ba.

Da can attajiran kasuwar amfanin gona ke riƙe irin waɗannan ƙungiyoyi. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, sannan birnin Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF a Disambar shekarar, gidajensu suka cika da 'yan'uwa masu gudun hijira. Fam, kuɗin Sudan, ya karye, riga da ƙwallo kuwa duk daga waje ake shigo da su.

Manyan ƙungiyoyin ƙasar nan, Hilal da Merrikh, sun sami mafaka a gasar Muritaniya a kakar 2024 zuwa 2025. Koci Kwesi Appiah ɗan Ghana ya kai ƙungiyar ƙasa gasar Afirka ta Maroko ba tare da ta buga wasa ko ɗaya a gida ba, duk mun yi murna. Amma ƙungiyar unguwa ba ta da jirgin da zai ɗauke ta. Ƙasar da ta karɓi gasar Afirka ta farko a 1957, ta ɗaga kofin a 1970, daga irin wannan fili take samo 'yan wasanta.

Roƙona ga hukumar ƙwallo ta gari shi ne ta sassauta kuɗin rajista da na alƙalan wasa, ta kuma ɗage wasanni a makonnin yankan riɗi. Ku kuma 'yan'uwa na Jidda da Makka da kuka taso a unguwar nan, manhajar tura kuɗi ta Bankak na aiki, a yi gayya. Ni na ɗauki nauyin safar hannun mai tsaron gida, saura takalma.