Jawabin Sakatare a Taron Wata na Ƙungiya a Manchesta: Maganar Binciken 'Yarmu

Ranka ya daɗe Shugaba, a yi mini uzuri, zan ajiye rahoton wata a gefe in fara da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Rahoton ba inda za shi, kuɗin zaure ne da kuɗin wata, kowa ya san inda aka kwana.

Maganar 'yarmu ce mai karatun digirin digirgir a fannin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba sai na kama suna ba, a gabanmu ta tashi, a wannan zauren ta yi Islamiyyar Asabar. Tun kafin azumi ta kawo takarda tana neman matan da za su zauna da ita a yi hira saboda bincikenta. Na tura takardar zauren WhatsApp, Hajiya shugabar mata ta sake turawa. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Waɗanda suka amsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Amma ranar da aka tura hoton ankon biki, kafin Isha'i waya ta cika da saƙonni.

Wata baiwar Allah ma cewa ta yi, ai yarinyar tana aiki a asibiti, ana biyanta albashi, me kuma take nema wurinmu? Daga nan na gane ba a fahimci irin karatun ba.

Shekara uku ake yi, cur. Ɗalibi ma'aikacin NHS ne, wato hukumar kiwon lafiya ta ƙasar nan, yana mataki na 6 na albashinsu, kuma an ɗauke masa kuɗin makaranta. Amma a cikin mako guda an raba shi biyu. Wasu kwanaki yana asibiti yana ganin masu jinya ƙarƙashin wani ƙwararre da ke bin diddigin aikinsa: a kai shi wurin manya na wasu watanni, a mayar da shi wurin yara da iyayensu, sai tsofaffi masu mantuwa, sai masu raunin fahimta. Sauran kwanakin yana aji, ko yana kan bincike. A shekarar ƙarshe ya miƙa kundi, a zaunar da shi gaban malamai ya kare abin da ya rubuta baki da baki. Tsarin ba yau aka fara shi ba. Tun 1949, a wani taro a garin Bolda na jihar Kolorado a Amurka, aka tsayar da cewa mai wannan aiki sai ya haɗa biyun, ya iya duba mara lafiya, ya kuma iya bincike, don kada ya riƙa yi wa mutane magani da zato.

To ku riƙe wannan: in kundin bai kammala ba, babu digiri. In babu digiri, hukumar HCPC mai rajistar ma'aikatan lafiya ba za ta yi mata rajista ba, kuma a ƙasar nan doka ta hana mutum kiran kansa da sunan wannan sana'a ba tare da rajistar ba. Ko da duk asibitocin da ta zaga sun yaba mata, a banza. Rabin asibiti ta riƙe shi da kanta, Alhamdu lillahi. Rabin binciken ne ya rataya a wuyanmu, mu kuma mun rufe ƙofa.

Kun san wuyar shiga kuwa? Sai kana da digirin farko mai kyau wanda BPS, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Birtaniya, ta amince da shi. Sai ka yi aikin mataimaki a asibiti, albashi kaɗan, wani ma kyauta yake farawa. Sannan ka cika takardar nema ta ofishin da ke Jami'ar Lids, ka zaɓi makarantu huɗu, a rufe karɓa a watan Nuwamba, ka zauna jira. Masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Yarinyar nan ta nema an ƙi ta, ta sake nema an ƙi ta, mahaifinta har ya fara cewa ta haƙura ta koma karatun haɗa magunguna. Da ta samu, a nan muka yi walima, ni na yanka kek ɗin. Muka ce 'yarmu za ta zama dakta. Ashe daktan muke so, ba aikin ba.

Me take bincike a kai? Halin da matanmu ke shiga bayan haihuwa a ƙasar nan. Iyayenmu mata, ku kuka fi ni sani. A gida mace ta haihu, ta tafi wanka gidan iyayenta, kwana arba'in ba ta ɗaga ko tsinke. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama, kaka ta karɓi jariri ta ce je ki kwanta. 'Yan barka na shiga suna fita, gida ba ya rabuwa da hayaniya har a yi suna. A nan fa? Kwana ɗaya ko biyu an sallame ta. Miji ya koma aikin dare. Tana hawa na tara ita da jariri, ga hunturu, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, uwarta na Zariya ko Maraɗi an hana ta biza. Ma'aikaciyar lafiya ta zo da takardar tambayoyi ta Turanci, ta ce yaya kike ji a ranki, ita kuwa ta ce lafiya lau, Alhamdu lillahi. Me za ta ce? An rubuta lafiya lau, an tafi. Mu da muke nan mun san gidajen da ba lafiya lau ba.

Abin da 'yarmu ke so ta rubuta ke nan, da bakin matan da kansu, da Hausa, yadda gobe in likita ya ji Bahaushiya ta ce zuciyarta ba daɗi ko kanta ya yi nauyi, zai san ya tsaya ya ƙara tambaya. Alƙaluman NHS da kansu sun nuna baƙar fata a Ingila sun fi farar fata yawan tsarewa a asibitin ƙwaƙwalwa ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983, fiye da ninki uku. Dalilan suna da yawa, wasu ba laifinmu ba ne. Amma ɗaya namu ne: ba ma zuwa sai abu ya ɓaci, sai an kira 'yan sanda.

Na ji abin da ake faɗa a bayan fage, wai likitar mahaukata ce, wai za ta kwashi sirrin gida ta kai wa hukuma a ƙwace yara. Haba jama'a! Kafin a bar ta ta yi wa mutum ɗaya tambaya, sai da kwamitin ɗa'ar bincike ya tantance komai. Ana cire suna, ana cire unguwa. Mace na da ikon cewa ta fasa ana tsakiyar hira. Iyakar sirrin guda ce, in ke ko wani na cikin haɗarin cutuwa, kuma wannan za ta faɗa miki tun kafin a fara. Ba ta rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, nata aikin magana ne da sauraro. Ba ta kuma hana kowa addu'a ko ruƙiya ba. Malam na zaune, ya tabbatar mana neman magani ba ya karo da tawakkali.

Ita da kanta ta roƙe ni kada in matsa wa kowa, wai ƙa'idar bincike ta hana. To ban matsa ba, roƙo nake. Ta ma fi son matan da ba ta saba da su ba, don kunya kada ta hana magana. Saboda haka mai ƙanwa a Lesta, mai ƙawa a Bamingam ko Landan, a tura mata takardar yau. Maza kuma, don girman Allah, in matarka ta ce tana so, kada ka ce me za a je a faɗa.

Rahoto a gurguje. Kuɗin zaure an biya har ƙarshen wata mai zuwa. Asusun jana'iza yana nan yadda yake. Kwamitin Sallah zai zauna bayan taro. Kuɗin wata kuwa, fiye da rabinmu ba su biya ba, kuma a cikinsa ne muka yi alkawarin kama mata ɗakin hira da biyan mai riƙe yara, don uwa ta samu awa guda ta yi magana ba jariri a cinya. Alkawarin yana rubuce a littafin taro, da hannuna na rubuta. Ma'aji ya ce abin da ke asusu bai kai ba.

Masu yara a wannan fanni, ku lura da wannan ƙa'ida: tun 2022, wanda NHS ta ɗauki nauyin horar da shi a wani reshen wannan aiki sai ya jira shekara biyu bayan kammalawa kafin ta sake ɗaukar nauyin wani horon nasa. A yi lissafi tun wuri.

Lokacin 'yarmu na tafiya. Hirar nan sai an rubuta ta kalma bayan kalma, a mayar da ita Turanci, a tace, kafin a fara rubuta kundi, kuma ranar miƙawa ba ta jiran mu gama shawara. Takardun suna kan teburin bakin ƙofa, kusa da Ma'aji, shi ma yana nan da rasit ɗinsa. Hajiya, ga makirufo, ki yi wa mata bayanin sauran.