Maki ya yi kunnen doki, wa zai hau gaba?

Malam: Jama'a barkanmu da warhaka. Tun makon jiya tambaya ɗaya ke ta shigowa, har a zaurenmu na WhatsApp an kwana ana musu a kanta: sunayen ɗalibai a jeri ɗaya, makinsu a wani jerin daban, ta yaya za a jera sunayen bisa maki a Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta?

Auta: Malam, ai tun a daren na ba su amsa. A ɗaure maki da suna da zip, umarnin da ke haɗa jeri biyu, a miƙa wa sorted mai jerawa, a tsince sunayen. Layi ɗaya, an wuce wurin.

Malam: Layi ɗayan nan ne ya hana ni barci, Auta. Yana aiki, ban musa ba. Amma a ce Aisha ta ci 78, Zainab ma ta ci 78.

Yaya: Kunnen doki ke nan.

Malam: Yauwa. Python zai duba maki, ya ga babu bambanci, sai ya tsallaka abu na biyu, wato suna. Harafi ne zai raba gardama, kuma ba ke kika sa shi ba. Da yake babban maki muke so a sama, mun sa reverse mai juya jerin, sai Zainab ta hau kan Aisha.

Yaya: To Alhamdu lillahi! Yau dai Allah ya kawo ranar masu Z. Kun san wahalar da suka sha a firamare? Kiran suna su ne ƙarshe, rabon littafi su ne ƙarshe, kafin a zo kansu sai mai yagaggen bango.

Auta: Amma ranar allurar rigakafi fa, Yaya? Masu A ke fara miƙa hannu.

Yaya: Su kuma masu Z suna bayan layi suna jin kukan kowa, tsoro na ƙaruwa.

Auta: Akwai wanda ya fi su shan wuya a kwamfuta. Ɗanladi.

Yaya: Ɗanladi kuma? Ba kusa da D yake ba?

Auta: Ina! Lambar Z a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lamba a kwamfuta, 90 ce, ta Ɗ mai lanƙwasa 394. Idan aka jera da harafi, bayan Zainab yake faɗawa. Haka Ƙ, haka Ɓ.

Yaya: Wallahi wannan ya taɓa ni. Harafinmu ne fa.

Malam: Za mu ware masa rana guda, ya cancanta. Ku bari in ƙarasa. Maganin shi ne key. Ki ce wa sorted maki kaɗai zai duba, kada ya leƙa suna. Jerawar Python ba ta taɓa waɗanda suka yi kunnen doki, yadda ta same su haka take barinsu, ko da an sa reverse. Tim Peters ne ya rubuta tsarin a 2002, shi ya sa ake ce masa Timsort. Kuma ba zancen adalci kaɗai ba ne. Idan abu na biyun ba suna ba ne, dict ne, wato ƙunshi mai ɗauke da bayanan ɗalibi, ranar da maki biyu suka zo ɗaya kuskuren da ake kira TypeError zai tsayar da komai. Na ga wanda manhajarsa ta yi zango biyu lafiya lau, sai a na uku ta tsaya, iyaye na bakin ofis suna jiran sakamako.

Auta: Subhanallahi.

Malam: Ga wani kuma. Sunaye 40, maki 39, zip ba zai ce uffan ba, zai yar da yaro na ƙarshe ya ci gaba. Daga Python 3.10 akwai strict, ku kunna shi ya yi ƙara. Wannan yaron ɗan wani ne.

Auta: To argsort na NumPy, kayan aikin lissafi na Python, fa? Mun yi wa masu sauraro alkawari.

Yaya: Ga kiran salla can, Malam.

Malam: A gurguje: argsort lambobin gurbi yake ba ki, ki ɗauko sunaye da su, amma ki sa kind ya zama stable don kada ya taɓa masu kunnen doki. Sauran sai mako mai zuwa. Auta, turo min lambar Ƙ ɗin nan kafin ki tafi.