Daga gidan wasan kwaikwayo zuwa kabarin Dumas

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau ina tsakiyar birnin Paris, sanyi kuwa sai wanda ya gani. Ginin nan da ke bayana, mai dogayen ginshiƙai, shi ne Comédie-Française, tsohon gidan wasan kwaikwayo. Na zo ne saboda wata kalma da ta daɗe tana ruɗa ni, wato Romantisme. Da na fara jin ta, na ɗauka irin littattafan soyayya na Kano ake nufi. Ashe tawaye ne na matasan marubuta.

Kafin su, wasan kwaikwayo yana da doka: labari ya ƙare cikin kwana ɗaya, a wuri ɗaya, ba a zubar da jini a gaban 'yan kallo. Su kuwa suka ce a ba su tarihi da zafin zuciya da takobi. A nan ciki, ranar 25 ga Fabrairun 1830, aka nuna wasan Hernani na Victor Hugo, masu kallo suka rabu biyu, ana ihu ana tafi. Amma shekara guda kafin nan, a 1829, wani matashi mai suna Alexandre Dumas ya riga ya cika wannan zaure da wasansa kan Sarki Henri na Uku.

To wannan wutar ce Dumas ya kwasa ya kai jarida. A 1844 jaridar Le Siècle ta riƙa buga labarinsa Les Trois Mousquetaires, na wasu sojojin sarki uku da abokinsu d'Artagnan, kashi-kashi, kowane kashi ya tsaya inda zuciya ke dukan uku-uku. Sarki Louis na 13 da babban ministansa Richelieu da ke cikin labarin mutanen gaske ne, haka ma d'Artagnan da wasu, amma yawancin abubuwan da suka faru shi da abokin aikinsa Auguste Maquet suka saƙa.

Yanzu mun sauko ƙarƙashin Panthéon, ginin da Faransa ke binne manyan mutanenta, shi ya sa na rage murya. Ku matso ku ga ɗakin nan: Hugo a gefe, marubuci Émile Zola a gefe, Dumas a ƙurya. Sai a 2002 aka kawo shi nan, alhali tun 1870 ya rasu. Kakarsa baiwa ce baƙar fata a ƙasar da ake kira Haiti yau. Wallahi da na karanta sunansa a jikin dutsen nan, sai da tsigar jikina ta tashi. Bari in ɗan tsaya tukuna kafin mu hau sama.